Guzurin Majinyaci, cikin Labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba kwanaki ga bayinSa da awo, ba a ƙara wa kowa numfashi guda bisa abin da Ya rubuta, ba a rage masa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa almajirai, ma'abuta wuridi, Allah Shi datar da mu da ku, akwai cutar da ake yawan jin sunanta ga zamaninmu, ita ce ciwon daji, wasu su ce sankara. Mutum shi tashi daga Jangeru, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko Ƙaura, shi sayar da akuya da hatsi, shi tafi asibiti Gusau ko Sakkwato. A ɗibi jininsa, a ɗauki hoton cikinsa. Sa'an nan likita shi ja shi gefe da ɗan'uwansa, shi faɗa musu cutar ta bazu, ta wuce yanka, sai dai a rage zafi. Mutum shi komo gida, shi shiga ɗaki, shi juya fuska ga bango. Shi bar zance da iyali, shi bar masallaci, shi aje tasbaha. Wataƙila shina da sauran wata shida ko shekara a hannu, amma ya binne kansa tun ba a haƙa kabari ba. Domin wanga mutum anka rubuta wagga takarda, da domin masu jinyarsa.

Cututtuka sunansu dabam-dabam ne. Amma kadan cuta ta kai inda mutum ya sakankance ba tashi, to majinyata duka tambayarsu ɗaya ce: mi za a yi da kwanakin da sunka rage? Mun zaɓi mu amsa da labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah Shi yarda da su, domin shi ya kwanta wata bakwai cikin cutar ajalinsa, da hankalinsa, da ragamar ƙasa a hannunsa. Ba a gane jinyarsa sai an san rayuwarsa, saboda haka za mu faro daga farko.

Fasali, cikin asalinsa da karatunsa

An haifi Bello shekara ta 1195 ta Hijira, ita ce 1781 ga lissafin Turawa. Ubansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarsa Hauwa, ita ce kuma uwar Abubakar Atiku. Shina ƙaramin yaro Shehu ya shigo ƙasarmu ta Zamfara, ya zamna cikinta wajen shekara biyar shina wa'azi, shina karantar da mutane tsarki da salla da tauhidi. Sa'an nan jama'a ta taru a Degel. Can Bello ya girma, tsakanin allo da littafi.

Ya yi karatu ga ubansa, ya ɗauki tafsiri da hadisi da ilmin tasawwufi. Ya yi ga baffansa Abdullahi, ya ɗauki Larabci da nahawu da abin da ya bi su. Ya yi ga wansa Muhammadu Sa'adu da waɗansu malamai na dangi. Gidansu gidan Ƙadiriyya ne, cikin zikiri ya buɗe ido. Abin da anka fara dasa masa a zuciya shi ne duniya masauki ce, mai hankali ba shi kashe dukiyarsa ga gyaran ɗakin da za shi kwana ɗaya. Ku riƙe wanga, domin shi ne ya fito fili ranar da ya kwanta.

Fasali, cikin hijira da abin da ya gani na mutuwa

Da al'amari ya ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, shekara ta 1218, farkon 1804. Bello shina da shekara 23. Anka yi wa Shehu mubaya'a a Gudu. Anka yi Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, Allah Ya ba jama'a nasara. Ba a daɗe ba anka yi Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, ranar ta yi nauyi. Mutum wajen 2,000 sunka yi shahada, cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Waɗanga abokan karatun Bello ne da malamansa. Yunwa ta biyo baya, jama'a ta sauko Zamfara, ta zamna Sabon Gari cikin 1805, kana ta wuce Gwandu. Cikin wannan shekara anka yi Alwasa, nan ma anka rasa mutane masu yawa.

Ku duba, ya 'yan'uwa. Saurayi ne da bai kai talatin ba, ya binne waɗanda sunka fi shi lafiya, sunka fi shi ƙarfi, sun fita da safe ba ciwon kai, ba su ga azahar ba. Wanda ya ga haka ya san cuta ba ita ke kashewa ba, ajali ne. Majinyacin da likita ya yanke wa kwana bai fi mai lafiya kusa da mutuwa ba, sai ga zato. Sau nawa mai jinya ya riga majinyaci? Abin da majinyaci ya fi mai lafiya da shi guda ne: shi an ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya farka, wancan shina barci.

Mutanen ƙasarmu suna cikin wanga al'amari. Namoda, wanda Ƙaura ta ɗauki sunansa, shi ya tari mayaƙa a Fafara kusa da Zurmi cikin 1806, ya kore su. Shekara ta 1808 Bello ya ja runduna zuwa Alƙalawa, tare da shi akwai Aliyu Jedo, da Namoda, da Ummarun Dallaje. Birni ya faɗi, anka kashe Yunfa. Kufan shina nan arewa da mu, wajen Sabon Birni, wanda ya so wa'azi shi je shi duba inda fada take. Namoda kansa bai daɗe ba, ya yi shahada a Kiyawa cikin 1810.

Cikin 1809 Bello ya gina Sakkwato, ya kewaye ta da ganuwa. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Cikin wannan shekara Bello ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya tara labarin ƙasashe da malamai da yaƙuna, ya sa har wasiƙun da sunka gudana tsakaninsu da Shehu Laminu na Barno, da hujjar abokin jayayya da tasa. Da bai rubuta ba, da yawan abin da muka sani na zamanin ya tafi da masu shi.

Fasali, cikin sarautarsa da halinsa

Shehu ya komo Sakkwato cikin 1815. Ya yi jinya mai tsawo, ya cika ran 3 ga Jimada Lahir 1232, wato watan Afrilu 1817. Bello ya ga jinyar ubansa da idonsa, ya ga yadda malami ke karɓar baƙon da ba a mayarwa. Anka yi masa mubaya'a shina da shekara 37.

Farkon sarautarsa ba daɗi. Ƙasashe sunka motsa. Abdussalami, wanda yana cikin almajiran Shehu na farko, ya yi tawaye a Kware, Bello ya yi ta aika masa da takardu kafin shi ɗauki makami, har al'amari ya ƙare da yaƙi farkon 1818, Abdussalami ya rasu a Bakura. Amma abin da ya fi nauyi shi ne tsakaninsa da baffansa kuma malaminsa. Abdullahi ya taho Sakkwato bayan wafatin Shehu, ya tarar an riga an naɗa, an rufe ƙofa, ya juya. Zukata sunka yi sanyi 'yan shekaru. Da mutanen Kalambaina sunka tsananta wa Abdullahi, Bello ya tashi da runduna ya taimake shi. Bayan nasara sunka haɗu bisa dawaki. Bello ya yi nufin sauka domin girman baffa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Nan gaba ta mutu. Abdullahi ya rasu cikin 1829, ba kome tsakaninsu sai alheri. Da Bello ya ce sai gobe, sai baɗi, da ya kwanta cutar ajali da wanga ƙulli a ƙirji, ba wanda za shi kwance masa.

An ruwaito ba shi ci daga baitulmali, daga abin da ya nema da kansa shike ciyar da gidansa. Ya rubuta wa Ummarun Dallaje Sarkin Katsina littafin Usulus Siyasa, ya nuna masa sarki shi nisanci son mulki, shi zamna da malamai, shi kula da manoma da masu sana'a, shi gyara kasuwa da hanya da masallaci. Ya yi abin da ya faɗa. Ya kafa ribaɗoɗi bisa iyakar ƙasa, garuruwa masu ganuwa da masallaci da makaranta, ya zaunar da makiyaya, ya sa 'ya'yansa da danginsa su zamna can bakin haɗari. Shi kansa ya gina Wurno bakin gulbin Rima, ya mai da ita mazamninsa, domin zaman ribaɗi ibada ce, kuma wanda ya mutu cikinsa ladansa ba shi yankewa. Tun da lafiyarsa ya zaɓi inda shike so mutuwa ta same shi.

Fasali, cikin ilminsa na magani

Littattafan Bello sun haura 100. Cikinsu akwai na fiƙihu, da na mulki, da na tarihi, da na labarin waliyyai. Akwai kuma na magani, wanga shi ya shafe mu. Ya rubuta kan ciwon ido, da kan basir, da kan ciwon ƙoda, da kan filasko da yadda ake shansa domin wanke ciki. Ya tattara maganin da anka samo daga Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, da abin da likitocin Musulmi sunka jarraba.

Cikin 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kilafaton, ya biyo ta Zurmi ya isa Sakkwato. Bello ya karɓe shi, ya yi masa tambayoyi, ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila. Cikin abin da ya nema har da likita, shi zo shi zamna ƙasarsa. Da Baturen ya komo cikin 1826 ya kawo masa littafin Iƙlidisu na handasa da Larabci, daga baya ya tarar da shi zamne shina dubawa. Baturen can ya rasu, kusa da Sakkwato, cikin 1827.

To ku lura. Ɗan Shehu ne, ma'abucin zikiri, ya san babu mai warkarwa sai Allah, amma bai ga neman likita ya rage masa tawakkali ba, ko da likitan ba Musulmi ne ba. Neman magani umurni ne na Shari'a. Wanda ya ƙi asibiti ya ce shi tawakkali shike yi, ya saɓa wa hanyar waɗanda sunka fi shi tawakkali.

Fasali, cikin ƙarshen kwanansa

Shekara ta 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa sunka haɗa kai. Bello ya fita da kansa, shina da shekara hamsin da wani abu, cikin zafi da ƙarancin ruwa, anka haɗu a Gawakuke. Allah Ya ba shi nasara, anka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Alhaji Umaru Futi, babban shehin Tijjaniyya, shina zamne wurinsa cikin waɗanga shekaru, Bello ya girmama shi, ya aurar masa da ɗiyarsa. Wanga shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe.

Cikin shekarun nan ya rubuta littafin Nasiha, kan cewa son duniya shi ne tushen laifi. Ya tara cikinsa labarin mata salihai, tun daga matan Annabi, da Rabi'atul Adawiyya, da Nana Nafisa ta Masar, har matan jama'ar Shehu. Ya miƙa wa ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ya nemi ta mai da shi waƙa da harshen mutane, domin macen da ba ta jin Larabci ta ji. Ta yi, da Fillanci da Hausa. Ku ga abin da ya dame shi kusa da ƙarshe: tsohuwa a ƙauye ta san Ubangijinta.

Sa'an nan cuta ta kama shi a Wurno. Alhaji Sa'idu, mai Tarihin Sakkwato, ya ce ta yi wata bakwai. Kadan kun lissafa, da bazara ta fara, damina ta faɗi ta ɗauke shina kwance, anka shuka gero anka yanke. Mutumin da ya rubuta wa mutane magani, yau ga cutar da maganinsa bai kai gare ta ba. Da ta tsananta, ya gane ba tashi, bai ɓata kwanakin ga baƙin ciki ba. Ya dubi abin da za shi ɓaci bayansa, ya gyara.

Abu na farko, ya aika anka kira babban ɗansa Aliyu daga ribaɗinsa na Shinaka. Aliyu shina da mutane, shina da dawaki, ɗan sarki ne jikan Shehu, kuma ba a rasa masu zuga. Bello ya gargaɗe shi kada shi nemi sarauta da ƙarfi bayansa, kada shi bi wata hanya wadda ba ta jama'a ba. Uba ya hana ɗansa abin da kowane uba ke so wa ɗansa, domin kada jinin Musulmi shi zuba.

Abu na biyu, Waziri Giɗaɗo, amininsa tun ƙuruciya, ya roƙe shi shi ambaci wanda za shi gaje shi. Bello ya ƙi. Ya bar al'amari ga Allah da zaɓin jama'a, ya yi wa Waziri wasiyya shi zama na farkon mai mubaya'a ga duk wanda anka zaɓa. Ya ɗauki kayan mutane shekara 20 shina raye, bai so shi ɗauke su cikin kabari ba.

Ya cika ran Alhamis, 25 ga Rajab 1253, wato 26 ga Oktoba 1837, shina da shekara 58 ga lissafin wata. Anka binne shi a Wurno, cikin ribaɗinsa, kabarinsa shina can ana ziyara. Allah Shi jiƙansa, Shi haskaka makwancinsa.

Anka zaɓi ƙanensa Abubakar Atiku. Aliyu ya riƙe wasiyya, ba a zare takobi ba. Atiku ya yi shekara biyar. Ya fita yaƙi Tsibiri cikin 1842, bisa hanyar komowa ajali ya same shi a Katuru, nan maƙwabtanmu cikin ƙasar Shinkafi, can anka binne shi, don haka ake ce masa Mai Katuru. Sai anka naɗa Aliyu, ya yi shekara 17, har 1859. Abin da anka hana shi ƙwata ya zo masa har gida, rabon kwaɗo ba shi hawa sama. Giɗaɗo ya rubuta littafin Kashfu wal Bayani kan halayen Bello, Asma'u ta yi masa marsiyya. Maganar da ya yi bisa shimfiɗar jinya ta tsare ƙasa fitina. Wane aiki na mai lafiya ya fi wanga?

Fasali, cikin abin da majinyaci za shi ɗauka

Ya kai ɗan'uwa da anka faɗa wa wagga magana mai nauyi, ka sani ciwon daji tsiro ne daga naman jikin mutum kansa. Wani yanki na jiki shi bar bin ƙa'ida, shi yi ta hayayyafa, shi zama ƙari. Kadan an gan shi da wuri, sau da yawa ana yanke shi a warke. Kadan ya daɗe, sai shi bi jini da hanyar kaluluwa shi sauka ga hanta, ko huhu, ko ƙashi. Nan ne likita ke cewa ya bazu. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a ɗaukarsa ga cin abinci tare ko gaisuwa. Kada ka zargi kishiya ko maƙwabci, ka ƙara wa cuta zunubi.

Kwanakin da likita ya faɗa kirdado ne, daga abin da ya gani ga majinyata da sunka gabace ka. Wani shi wuce su, wani shi kasa. Kada ka ƙaryata shi, domin da ilmi ya yi magana. Kada kuma ka mai da maganarsa Lauhul Mahfuzu. Ka shirya kamar gaskiya ce, ka rayu kowace safiya da anka ba ka.

Ka ci gaba da neman magani ko da ba na warkewa ba ne. Asibitin koyarwa na Sakkwato, mai sunan Shehu, da na Shika a Zariya, suna da sashen masu wagga cuta. Gashi da haske shina rage zafin ƙashi da zubar jini. Akwai maganin zafi mai ƙarfi, mofin, ana sha da baki bisa sa'o'i ƙididdigaggu, da izinin likita. Shansa domin lalura halal ne, ba shi rage ladan haƙuri. Zafin da ya hana ka salla da zikiri, kashe shi taimako ne ga ibada. Amma ka kiyayi mai cewa shina da maganin da ke tuge cutar cikin kwana bakwai, kawo sa, kawo gona. Gonar ta marayunka ce.

Ka yi kamar yadda Bello ya yi da Aliyu: ka dubi abin da za shi zama fitina bayanka, ka kashe shi yanzu. Ka kira shaidu biyu adilai, a rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka, da iyakar gona, da jinginar da ke kanta. Ana biyan bashi kafin wasiyya, ana fid da wasiyya kafin gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a yin ta ga magaji. Ga mazhabarmu ta Maliku, kyautar mai cutar ajali daga sulusi ake lissafa ta, aurensa ba shi inganta, kadan ya saki mata cikin cutar tana gadonsa. Saboda haka kada ka yi dabarar hana wani rabonsa, ka gamu da Allah da zalunci sabo. Sa'an nan ka yi kamar yadda ya yi da Giɗaɗo: abin da Allah Ya riga Ya raba, ka sake shi. Kada ka nemi mulkin gidanka daga cikin kabari.

Ka tuna Kalambaina. Kadan akwai ɗan'uwan da kunka yi shekara ba gaisuwa domin gona ko aure, ka aika a kira shi. Mai lafiya shina jin nauyin fara magana, kai an ɗauke maka wanga nauyi. Ka nemi gafarar matarka da 'ya'yanka da baki, su ji da kunnensu.

Salla ba ta faɗuwa muddin da hankali. Kadan ba ka iya tsayuwa, ka zamna. Kadan ba ka iya zama, ka kwanta bisa gefen dama, ko rigingine ƙafafu wajen alƙibla, ka yi nuni. Kadan ruwa shina cutar da kai, ka yi taimama. Kadan kana tsoron gushewar hankali ga lokacin salla ta biyu, ka haɗa ta da ta farko. Azumi an ɗauke maka. Wuridi kuwa, malaman ɗariƙa sun yi wa majinyaci rangwame, ka tambayi muƙaddaminka gwargwadon da za ka riƙe. Ranar da harshe ya yi nauyi, zuciya ta yi. Ka bar tasbaha kusa da matashi. Mai lafiya ana so tsoronsa shi rinjaya, domin shi bar saɓo. Kai yanzu ana so fatanka shi rinjaya, ka kyautata zato ga Ubangijinka. Ƙofar tuba a buɗe take har rai shi kai maƙogwaro. Kada ka roƙi mutuwa domin zafi, kwana guda da istigfari riba ce.

Ka tuna littafin da Bello ya miƙa wa Asma'u. Abin da ke bin mutum kabari shi ne sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfani da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Kowa shina da rabonsa cikin waɗanga. Mai allo shi biya wa yaro ko sura guda daga kwance. Maƙeri ko masaƙi shi nuna wa ɗansa sirrin hannu da ya ɓoye. Manomi shi sa a dasa masa mangwaro ko dogon yaro bakin hanya. Tsohuwa ta koya wa jikokinta wankan tsarki da tahiya. Wadda cutar ta kama ga nono ta faɗa wa 'yan'uwanta mata, duk wadda ta ji ƙullutu ta tafi asibiti tun shina ƙarami, kada kunya ta kashe ta. Wagga magana kaɗai tana iya tsar da rai. Ranar da ka ji sauƙi, ka fito zaure, ka sha iska, ka yi dariya da jikoki, ka ci abin da ranka ke so na halal. Wanga ma godiya ce.

Ku kuma masu jinya, kada ku ɓoye wa mai hankali gaskiyar cutarsa kadan ya nema, domin ɓoyewa tana hana shi biyan bashi da wasiyya da neman gafara. Ku faɗa masa da taushi, ga lokacin da ya dace. Kada ku janye masa shawara tun shina raye, ku tambaye shi kan shuka da aure da sunan jariri kamar dā. Ku gajarta zama wurin dubiya, ku tsawaita addu'a. 'Yan'uwan zawiya su raba kwana tsakaninsu, su kai masa zikiri har ɗaki, su taimaka da kuɗin mota da na magani, kada a bar mace guda da wahala. Kadan lokaci ya yi, a tuna masa kalmar shahada a hankali, ba da matsawa ba.

Allah Ka ba majinyatanmu lafiya, wanda kwanansa ya ƙare Ka sauƙaƙa masa, Ka sa ƙarshen maganarsa ta zama kalmar shahada. Ka sa mafi alherin kwanakinmu su zama na ƙarshe. Ka jiƙan Shehu da Abdullahi da Bello da Atiku da Asma'u, da malamanmu da iyayenmu, da Musulmi duka. Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta wa wanda ba shi iyawa. Ta cika da godiyar Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.